Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aikin da Ke Bayan Littafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya a kan shekarun fara rubutu. Yau aikin kansa za mu baje, saboda samari da 'yan matan unguwannin Nima da Mamobi na Accra, a nan Ghana, da ke cewa labari na nan a kansu, sun rasa ta inda za su kama.

Mu fara da lissafi. Littafi mai shafi 120 a girman A5, kalma kamar 250 a kowane shafi, ya kama kalma 30,000. Mai rubuta 300 kullum zai gama daftarin farko cikin kwana 100, kuma awa ɗaya ta ishe shi. Samun awar ne jidali. A gidan haya na Zango, ga rediyon maƙwabci, ga yara, ga suna da biki da jana'iza da ba a ƙin zuwa. Lokacin da ya fi tsira shi ne bayan sallar asuba, kafin turoturo, wato ƙananan bas-bas na haya, su fara hayaniya. A kashe data. In a waya ake rubutun, kowane dare a tura wa kai kwafi ta imel, don dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ko ɓarawon waya kan tafi da aikin wata uku a dare ɗaya.

Yawancin masu farawa a tsakiyar littafi suke sarewa, lokacin da zumuɗi ya ƙare kuma ba su san inda labarin ya dosa ba. Maganinsa, tun kafin a fara, a ba kowane babi layi ɗaya: wa ke neman me, me ya tare shi. Kuma kada a koma gyaran babi na ɗaya sai an kai ƙarshe. Akwai masu shekara biyar suna goge shafi goma na farko.

Inda na fi son ku natsu shi ne Hausar kanta. Ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, don haka da kunne muka koye ta, ba da alli ba. A bakin da yawanmu ƙ da k ɗaya ne, haka ɗ da d, mace ma sai a ce mata "ya zo". A bakin tauraron labari ɗan Sabon Zango wannan daidai ne, har daɗi yake ƙarawa, kuma ban ga dalilin mai da shi Bakano da ƙarfi da yaji ba. Amma muryar mai ba da labari sai ta tsaya kan ƙa'ida ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, in ana so a karanta a Kano da Yamai. Gyara uku ake yi: na tsarin labari, na jimloli da karantawa a bayyane, sai na raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa. Tsakanin gama daftari da gyaran farko a bar shi ya huce mako biyu.

Rubutu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da ajami, almajirai suka yi ta kwafa da hannu, wasu kwafe-kwafen suna Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon.

Sai maɗaba'a. A unguwar New Town ta Accra masu ɗab'i suke jibge. A kai musu PDF da aka kulle haruffa a ciki, in ba haka ba ɗ da ƙ da ɓ su fito 'yan akwatuna. Yawan shafi ya zama wanda 4 ke raba shi daidai, in ba haka ba a biya kuɗin farar takarda. Kada a cika kuɗi sai an riƙe kwafin gwaji a hannu an bi shi shafi-shafi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, a laburaren George Padmore da ke Accra ake karɓa, haƙƙin mallaka kuwa Doka ta 690 ta 2005 ce ke kare shi. A fara da kwafi 100, don katan ɗin da ya kwana damina biyu a ƙarƙashin gado, danshi ne zai ci shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun sayarwa da bashin 'yan uwa.