Mako biyar na ɓata ina koya wa 'yan shekara huɗu ƙirga taku

Har yanzu in na buɗe littafin da na tsara rawar nan a ciki sai haushin kaina ya kama ni. Shafi goma sha ɗaya, kowane taku da lambarsa, ɗaya zuwa takwas: dama gaba, hagu gefe, juyi, a sake. Rawar zamani ce ta minti shida, ni kaɗai na haɗa ta a gaban madubi. Yara goma sha biyu aka ba ni, 'yan shekara huɗu zuwa biyar, da mako takwas kafin iyaye su zo kallo. Biyar a ciki littafin nan ya cinye.

Abin takaicin, na san ɗan shekara huɗu bai gama rarrabe dama da hagu ba, wasu ma sai sun kai shida ko bakwai. Na sani sarai. Amma sai in tsaya ina fuskantarsu, in ce "dama!" in ɗaga damata, su ɗaga hannun da ke saitin nawa, wato hagunsu, ni kuma in hau gyara. Ashe su ne ke bin abin da idonsu ya gani, ni ce ke rikita su. Har zare na ɗaura musu a hannun dama. Ranar ba a yi rawa ba, kwance zare aka yi. Minti goma da farawa kuwa sai ka ji "Malama, fitsari", ɗaya bayan ɗaya.

A mako na shida cajin sifika ya ƙare ana tsakiyar gwaji. Na zauna a ƙasa, na rasa ta cewa. Sai wata yarinya da kullum take raɓewa a bayan layi ta sulale a hankali, gwiwa, ƙugu, kafaɗa, har kuncinta ya taɓa ƙasa, ta ce, "Malama, ni ruwa ce, na zube." Sauran suka bi ta, ana ta birgima. Wani yaro ya dunƙule ya ce shi dutse ne, ruwa ya dinga kewaye shi. Kwata guda ba wanda ya nemi fita.

Kunya ta rufe ni, don na karanta Rudolf Laban, masanin rawa da motsin jiki wanda ya rasu a Ingila a 1958, na haddace abubuwa huɗun da ya ce da su ake duba yanayin motsi: nauyi, lokaci, fili da gudana. Babu dama da hagu a ciki. Yaro bai san "taku na biyar" ba, amma ka ce masa ya yi tafiyar mai ɗauke da bokiti cike taf, sannan ta gashin tsuntsu a iska, ka sha kallo. Da irin waɗannan muka sake gini. Su kawo motsi, su raɗa masa suna, ni in zaɓa in jera. Ƙirga na jefar, na koma alama: ganga sau ɗaya a ƙame, ƙararrawa a narke.

Masu cewa a sakar wa yara kawai su yi yadda suka ga dama, ina jin ba su taɓa gwadawa da yara goma sha biyu a ɗaki ɗaya ba. Minti biyu ya koma guje-guje, sai karo, sai kuka. Dole na manna salatif a ƙasa kowa ya san gidansa, kuma ba na ba da umarni biyu a numfashi ɗaya.

Ranar kallo minti huɗu muka yi, ba shida ba. Wani yaro ya hango babansa, ya tsaya cak yana ɗaga masa hannu. Da tsohon tsarin ne, da layin ya watse. Nan kuwa ruwa ya kewaye shi ya wuce, iyaye suka zaci haka aka shirya.

Wuri ɗaya aka samu matsala. Juyi ɗaya daga littafin nan na kasa haƙura da shi, na cusa shi kusa da ƙarshe. Juyi ne ta dama. Rabinsu suka juya ta hagu, biyu suka gwara kai.