Abin da Ƙorafin 'Yan Wasan The Elder Scrolls Ya Koya Mini

A shekarata ta ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, da lokacin zaɓen aikin kammala digiri ya zo, na yanke shawarar rubuta manhajar da za ta karanta ra'ayoyin mutane a kan wani kaya ta raba su gida biyu, na yabo da na suka. Aikin yana buƙatar rubutu mai yawa da za a gwada manhajar a kansa, saboda haka na ɗauko sharhin da 'yan wasa suke rubutawa a kasuwar wasanni ta Steam game da jerin wasannin The Elder Scrolls, na kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka. Wasanni ne da mutum yake shiga rigar jarumin da ya ƙirƙira da kansa, ya yi ta yawo a ƙagaggiyar nahiya mai suna Tamriel, inda takobi da tsafi da dodanni suke aiki. Na zaɓe su ne domin na san na biyar ɗinsu, wato Skyrim, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma na shafe darare masu yawa ina buga shi, sai na ɗauka cewa wanda ya san wasa ba zai sha wuyar fahimtar masu magana a kansa ba.

Bayan makonni manhajar ta fara aiki, na buga sakamakon a takarda na kai wa malamin da ke duba aikina. Bai tsaya kan jadawalin da na ɓata lokaci ina ƙawatawa ba, sai ya wuce shafin misalai, ya sa yatsa a kan wani dogon sharhi da manhajata ta jefa cikin na suka. Marubucin ya lissafa laifuffukan Skyrim ɗaya bayan ɗaya, amma a saman rubutun, inda Steam ke nuna tsawon lokacin da mutum ya shafe a wasa, akwai awanni fiye da dubu. Malam ya ɗago kai ya ce, "To, wannan mutumin son wasan yake ko ƙinsa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kalmominsa dai na suka ne." Ya ce, "Kalmomin na gani. Shi mutumin nake tambayarka." Ya miƙo mini takardun, ya ce kada in sake taɓa manhajar sai na zauna na karanta sharhin da idona, na kuma buga wasannin da mutanen suke kwatanta Skyrim da su.

Karatun da na yi a makonnin da suka biyo baya ya nuna mini cewa yawancin masu doguwar suka ba Skyrim kaɗai suke aunawa ba. A ransu akwai wani ma'auni da suka zo da shi, kuma kusan kullum ma'aunin shi ne wasan da suka fara shiga jerin da shi. Wanda ya fara da Morrowind na 2002 yana ganin Oblivion na 2006 ya rage armashi, wanda ya fara da Oblivion yana ganin Skyrim ya sauƙaƙe komai, kuma idan aka ƙara komawa baya za a tarar masu Daggerfall na 1996, wanda ake kwatanta faɗin taswirarsa da ƙasar Birtaniya, sun yi wa Morrowind irin wannan kuka sa'ad da ya fito da tsibiri guda, Vvardenfell. Da farko na so in kira wannan begen ƙuruciya kawai in wuce, amma akwai alƙaluman da ba su bar ni ba. Fannonin ƙwarewa da jarumi zai iya koya sun sauko daga 35 a Daggerfall zuwa 27 a Morrowind, zuwa 21 a Oblivion, zuwa 18 a Skyrim. Siffofi takwas na jiki da hankali, irin su ƙarfi da zafin nama da basira da sa'a, Skyrim ya cire su ya bar lafiya da ƙarfin tsafi da juriya. Tsafin tashi sama, wanda Morrowind ya gina wasu hasumiyoyi dungum a kansa, babu shi a Oblivion, sa'an nan damar mutum ya haɗa nasa tsafin ta ɓace a Skyrim. Masu ƙorafin dai wani abu na gaske suka rasa, ko da kuwa kowannensu yana ganin asarar ta fara ne daidai bayan wasan da ya fi so.

Sai na sauko da Morrowind na fara bugawa, kuma a nan ne gani ya kori ji. Jirgin ruwa ya sauke jarumina a ƙauyen Seyda Neen, aka sallame shi da wasiƙa zuwa ga wani mutum mai suna Caius Cosades a garin Balmora. Na fita bayan gari da 'yar wuƙata na gamu da ƙaguwar laka, halittar da ba a ɗauke ta komai ba a wasan. Na kai sara, ina kallon wuƙar ta ratsa jikinta, amma ba abin da ya same ta. Na sake, na sake, sai ƙarar iska kawai nake ji, ita kuwa tana ta cizona har jarumin ya faɗi. Na rufe kwamfutar raina a ɓace, kuma da a daren zan rubuta sharhi, da na ce wasan a lalace yake, kamar yadda na ga sababbin shiga da yawa sun rubuta. Washegari na bincika na gane cewa kowane sara a Morrowind lissafin sa'a ne a ɓoye, kamar jefa ƙwayar ludo, kuma lissafin ya dogara ne da ƙwarewar jarumi a makamin da ya riƙe, da zafin namansa, da sa'arsa, da kuma gajiyarsa. Ni kuwa da gudu na fito daga ƙauyen har koren ma'aunin gajiya ya ƙare ƙaf, ga shi na ɗauki makamin da jarumina bai iya ba. Da na sauya makami na riƙa tafiya a hankali, sai ƙaguwar ta faɗi cikin sara kaɗan.

Wannan ya sa na fahimci ɓangarorin biyu a lokaci guda. Sabon ɗan wasa da ya ce faɗan Morrowind ba shi da kan gado gaskiya ya faɗa game da abin da idonsa ya gani, domin hoto yana nuna masa sara ya samu alhali lissafi ya ce bai samu ba, kuma wasan bai zaunar da shi ya yi masa bayani ba. Tsohon ɗan wasa da ke kare tsarin shi ma yana da hujja, domin a wurinsa rauni na farkon tafiya shi ne yake ba ƙarfin ƙarshe ɗanɗano. Manhajata za ta rubuta ɗaya a suka, ɗaya a yabo, ta haɗa jimla, ba tare da ta san a kan abu guda suke magana ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne rigimar kibiyar nuna hanya. Tun daga Oblivion, idan aka ba jarumi aiki, wata alama takan fito a kan taswira da kuma allo tana nuna masa inda zai nufa, kuma ana iya danna wurin da aka taɓa zuwa a tsinci kai a can nan take. Masoyan Morrowind sun tsani wannan kibiya, kuma amsar da aka saba ba su ita ce su kashe ta mana, tunda wasan ya ba da dama. Na gwada hakan a Skyrim, sai na tarar aiki da yawa ba ya yiwuwa, domin mutanen cikin wasan sun daina yin kwatance. Wani zai ce ka je kogo kaza ka ɗauko masa kayansa, amma ba zai faɗa maka ko gabas ne ko yamma ba, tunda an gina maganarsa ne da sanin cewa kibiya za ta yi sauran aikin. A Morrowind kuwa, neman Caius Cosades ma sai da aka ce in je wata mashaya mai suna South Wall a Balmora in yi tambaya, a can kuma aka kwatanta mini gidansa, na fito ina duba kogi da gadoji da jerin gidaje kamar baƙon da ya sauka a tasha da adireshi a aljihu. Wannan duban shi ya sa garin ya zauna mini a ka har yau.

Ashe kukan nasu ya fi ƙarfin kibiya, rubutun kwatance ne da ya ɓace suke wa kuka, da irin kallon da yake tilasta wa mutum ya yi wa ƙasar. A fahimtata, dalilin ɓacewarsa yana da nasaba da murya. Yawancin zancen Morrowind a rubuce yake, kuma rubutu ba ya tsada, ana iya tsawaita shi ko a gyara shi a kowane lokaci. Oblivion ya sa wa kowace jimla murya, har da ta fitattun 'yan wasan kwaikwayo irin su Patrick Stewart da Sean Bean, kuma jimlar da aka naɗa a sutudiyo tana cin kuɗi da wuri, sa'an nan idan aka matsar da kogon daga baya sai an sake naɗa kwatancen. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma 'yan wasa lallai sun san inda ruwa ke ɗigo musu, sai dai sau da yawa sukan nuna tabon da ke jikin silin alhali hudar tana can wani gefe na kwanon. Aikin mai nazarin ra'ayi shi ne ya hau rufin ya duba.

Haka abin yake game da tsarin Oblivion na abokan gaba su riƙa girma tare da jarumi. Mutane sun rubuta cewa wasan yana ƙara wuya ba gaira ba dalili, wasu kuma sun yi ta mitar ganin 'yan fashin hanya sanye da sulke mafi tsada a duniyar wasan. Duka biyun daga tushe ɗaya suka fito: wanda ya hau matsayi ta hanyar ciniki ko iya magana zai tarar dodannin sun hau tare da shi, alhali takobinsa yana nan inda yake.

Wani darasin ya zo mini ne ta hanyar kwanan wata. Na lura da tarin suka a kan Skyrim da ya taru a ƙarshen Afrilun 2015, wasan da a lokacin ya kusan shekara uku da rabi a kasuwa. Abin da ya faru shi ne Valve, mai kasuwar Steam, tare da Bethesda sun ɓullo da tsarin sayar da kwaskwarimar da 'yan wasa suke yi wa wasan da hannunsu, wadda a da kyauta ake rabawa, inda mai aikin zai sami kashi 25 cikin ɗari. Jama'a suka fusata, suka mayar da wurin sharhi dandalin zanga-zanga, kuma cikin kwanaki kaɗan aka janye tsarin. Waɗannan rubuce-rubuce ra'ayi ne na gaske, amma a kan shawarar kasuwanci, kuma da na bar su a cikin lissafina da na yi wa wasan ƙazafi. Irin wannan fushi ma yana da tarihi a jerin, tun daga sulken doki da aka sayar wa masu Oblivion a kan dala biyu da rabi a 2006. Dole na ƙara wa manhajar matakin duba ranakun da suka ta yi tsalle, domin a tsaya a tambayi abin da ya faru a makon.

Ba na so a ɗauka na koma bayan masu dogon rubutu gaba ɗaya, domin a nan ma akwai tarko. Todd Howard, jagoran wasannin, ya ce a 2023 an sayar da Skyrim fiye da kwafi miliyan 60, kuma mafi yawan waɗannan mutane ba su taɓa rubuta kalma ɗaya a kansa ba. Wanda yake dawowa daga aiki a gajiye da awa guda kacal a hannunsa, kibiyar nan rahama ce a gare shi, kuma shirunsa ba ya nufin ba shi da ra'ayi. Na rubuta wannan a babin iyakokin bincikena, kuma shi ne sashen da na fi kare shi da gaba gaɗi ranar da na tsaya gaban malamai.

A ƙarshe manhajar da na miƙa ba ta raba ra'ayi gida biyu ba. Tana ware abin da ake magana a kansa, faɗa ne ko labari ko tafiya ko kurakuran manhaja ko farashi, tana haɗa shi da awannin mai sharhin da ranar da ya yi rubutun, tana kuma lura idan ya ambaci sunan wani wasa daga jerin. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin kamfani inda ƙorafin masu amfani da manhajarmu yake biyowa ta teburina, kuma tambayoyin da nake fara yi wa kowane saƙo su ne waɗanda na koya a wancan aiki: tun yaushe mutumin yake tare da mu, da me yake kwatanta mu, kuma me ya sauya a makon da ya rubuto.

Da aka fito da sabuntaccen Oblivion a Afrilun 2025, na koma na karanta abin da mutane suke cewa. An gyara hotunan, an sauya tsarin hawa matsayi da aka daɗe ana kuka da shi, amma an bar wata jimla da mai muryar ta yi tuntuɓe a cikinta ta sake farawa, kuskuren da ya kuɓuce wa masu tacewa tun 2006, kuma tsofaffin 'yan wasa sun yi murnar samunta a inda suka bar ta. Wasa na shida, wanda aka sanar tun 2018, har zuwa lokacin da nake wannan rubutu bai fito ba. Ranar da zai fito, ni ma zan zauna gabansa da ma'aunina a rai, domin da Skyrim na shiga jerin, kuma na riga na san abubuwan da zan fara dubawa ko suna nan.