Masu cewa a turo min

Yau a wani guruf ɗinmu na WhatsApp wani ya saka hotunan tsiraicin wata baiwar Allah, wai tsohon saurayinta ne ya watsa bayan sun ɓata. Kafin admin ya goge sai ga mutane suna ta rubuta "don Allah a turo min", har da masu yi mana wa'azin tarbiyya kullum, wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

A Ingila tun 2015 hukuncin watsa irin waɗannan hotuna ɗauri ne, Amurka ma dokar 2025 ta ce shafukan intanet su cire su cikin awa 48 in an kai ƙorafi. To amma wanda ya riga ya adana a wayarsa fa? Ni dai tunanina, ƙila ita har yanzu ba ta ma san ya fito ba.