Karatun ƙasusuwa a jar ƙasar Kumasi

Kowace shekara, kafin damina ta kankama, nakan roƙi 'yan turke su ajiye mini mushen akuya ko tunkiya. Mu kai wani fili da muka killace a bayan gari, mu haƙa ramuka, mu binne. Wata mu naɗe ta a tsumma, wata mu ɗaure mata ƙafa da igiyar roba, wata mu jefa maɓalli da silifa a gefenta. In zana taswirar wurin in kulle a durowa. Sai hunturu ya shigo, ciyawa ta rufe ko'ina, sannan in kawo ɗalibaina masu koyon gano ɓoyayyen kabari in ce su nemo. A Turai da Amurka alade suka fi amfani da shi a irin wannan gwaji, a Jami'ar Tennessee kuma akwai filin da William Bass ya kafa inda ake ajiye gawarwakin mutanen da suka yi wasiyya da jikinsu. Mu nan akuya muke da ita, kuma ta isa ta koya wa yaro haƙuri.

Aikin namu kashi biyu ne. Akwai gano kabarin da aka ɓoye da tono shi ba tare da an ɓata shaida ba, akwai kuma karanta ƙasusuwan da aka fitar: namiji ne ko mace, shekarunsa nawa, tsawonsa, me ya same shi. Muddin da nama a jikin gawa, likitocin asibitin Komfo Anokye na Kumasi da na Korle Bu a Accra ne masu magana. In nama ya tafi, ko wuta ta cinye, sai a waiwayo irinmu. Jami'ar Ghana da ke Legon ta daɗe tana koyar da ilimin tonon kayan tarihi, tun 1951, Jami'ar Cape Coast kuma tana da sashen kimiyyar binciken laifuka. Amma wanda ya haɗa hannun mai tono da idon mai sanin ƙashi, har yau ɗaiɗaiku ne a ƙasar nan.

Buƙatar kuwa ba a nesa take ba. Daren 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara suka haɗu a gidan man da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah a Accra, sama da mutum 150 suka rasu, wasu sun ƙone yadda ko mahaifiya ba za ta gane ɗanta ba. A 2019 aka fitar da ƙasusuwa daga ramin masai da wata rijiya a yankin Takoradi, 'yan sanda suka ce gwajin DNA ya nuna na 'yan matan nan huɗu ne da suka ɓata. A 2001 gwamnati ta tono manyan sojoji takwas da aka harbe a Yunin 1979, cikinsu har da tsofaffin shugabannin ƙasa uku, Acheampong da Akuffo da Afrifa, ta miƙa wa iyalansu su yi musu jana'iza. Ga kuma 'yan Ghana kimanin 44 da aka kashe a Gambiya a 2005, waɗanda yawancin iyalansu ba su ga gawa ba. A bayan kowane ɗaya akwai gidan da bai san ko ya yi zaman makoki ko ya ci gaba da jira ba, akwai matar da ba ta san ko ta shiga takaba ba, akwai gadon da ya tsaya.

Wanda ya fi koya mini ƙasa ba farfesa ba ne. Kawuna ne, wanda ya yi shekaru yana cikin masu haƙa kabari na unguwarmu a maƙabartar Tafo. Na kai shi filin gwajinmu wata shekara, ɗalibai na ta kai da komo da igiya da turaku, shi kuwa ya tsaya ya harɗe hannu a baya. Can ya nuna da sandarsa ya ce, "Ɗana, nan an taɓa ƙasar nan, can ma haka." Na tambaye shi yadda ya gane. Ya ce ƙasar da aka tono aka mayar ba ta komawa yadda Allah ya jera ta. Baƙar sama takan gauraya da jar ƙasa, tsakuwar marmara ta fito fili, bayan ruwa ya daka sai tsakiya ta lotsa, gefe ya tsage, ciyawar da ta tsiro a kai kuma ta fi ta kewaye tsawo da kore. Duk wannan yana cikin littattafanmu da dogon Turanci, amma a bakinsa ɗalibai suka kama shi.

Shi ne kuma ya sa na sake yadda nake koyar da tono. Littattafan da muke karantarwa sun fi sanin rami ɗaya mai kusurwa huɗu da akwati a ciki. Kabarin Musulmi ba haka yake ba. Akwai babban rami a sama, sannan siririn rami a cikinsa ko a gefensa inda ake kwantar da mamaci a kan hannun dama, fuska na duban alƙibla, a jera itace ko katako a rufe kafin a tura ƙasa. Ɗalibin da bai san wannan ba zai sa shebur ya rufta siririn ramin a kan ƙasusuwan. Wanda ya sani kuwa, yana ganin kwanciyar mamaci ya fara samun labari. In ka tarar da mutum a kife, ko a dunƙule, da wando da takalmi, babu alamar likkafani, to ba 'yan uwansa ne suka kai shi ba.

Daga nan sai aikin cokalin magini da buroshi da tsinken katako. Ana bin gefen ramin yadda mai haƙa ya bar shi, domin sawun diga ko hauya a bango shi ma shaida ne. Kowane kwanon ƙasa sai ya bi ta rariya, saboda haƙori da ƙananan ƙasusuwan yatsu ba sa ganuwa a hannu. Ba a ɗaga komai sai an auna, an zana, an ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Ƙasarmu ba ta da tausayin ƙashi. Jar ƙasar dajin nan tana da tsami, ga zafi, ga laima, ga gara da saiwoyi. Ƙashin da zai shekara ɗari lafiya a busasshen yashi, nan cikin 'yan shekaru sai ka taɓa shi ya marmashe. Shi ya sa nake hana ɗalibai ɗauko lissafin ruɓewar gawa daga ƙasar sanyi su ɗora a Kumasi.

A ɗakin gwaji mukan shimfiɗa ƙasusuwan koyarwa a tebur, 206 in mutum baligi ne kuma ya cika. Ƙashin ƙugu ake fara dubawa don sanin jinsi, domin na mace ya fi faɗi da buɗewa saboda haihuwa. Ƙoƙon kai yana taimakawa amma bai kai shi tabbas ba. Shekarun yaro a bakinsa suke: turmin farko na dindindin yakan fito wajen shekara 6, na biyu wajen 12, na ƙarshe daga 17 zuwa sama. Kawunan dogayen ƙasusuwa suna mannewa ɗaya bayan ɗaya yayin girma, na ƙarshe shi ne bakin ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, wanda kan kai har kusan shekara 30. Bayan haka sai kintace ya yi faɗi. Karaya ma tana magana. Ƙashin mai rai yana karyewa kamar ɗanyen reshe, da santsin baki da launi ɗaya. Wanda ya bushe a ƙasa sannan diga ta same shi, bakinsa kaca-kaca ne kuma ya fi sauran haske. Rikita waɗannan biyu na iya sa a tuhumi wanda bai ji ba bai gani ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne tsawo. Lissafin da aka fi amfani da shi wajen fitar da tsawon mutum daga ƙashin cinya, Mildred Trotter da Goldine Gleser ne suka wallafa shi a 1952, daga ƙasusuwan sojojin Amurka da na tarin Terry, wani tarin ƙasusuwan bincike da ke can Amurka. Afirka ta Kudu tana da nata tarin, na Raymond Dart a Johannesburg da na Pretoria, sun fitar da ma'auninsu. Mu a yammacin Afirka aro muke yi. Bahaushe da Bafulatani da Ba'asante da mutumin Frafra ba jiki ɗaya gare su ba, ballantana sojan Amurka na zamanin yaƙin duniya na biyu. Binciken da nake yi da ɗalibai yanzu shi ne auna ƙasusuwa daga hotunan asibiti na masu rai, da izininsu, mu haɗa da tsawonsu na gaskiya. Aiki ne mai cin lokaci, kuɗin bincike kuma ba ya zuwa da sauƙi. Kafin mu kai gaci, dokata a aji ita ce kada kowa ya rubuta lamba ɗaya tilo. A rubuta daga kaza zuwa kaza, a faɗi ma'aunin da aka ara. Lauya zai matsa maka a kotu ka faɗi abin da ƙashi bai faɗa ba, kuma ɗalibin da ya saba faranta wa malami rai shi ne zai faranta wa lauya.

A zango tambayar da ake yi mini daban ce. Limamin masallacinmu a Aboabo ya taɓa tsayar da ni bayan sallar Asuba ya ce, "Malam, ka san karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye?" Na ce, "Allah gafarta Malam, na sani, shi ya sa nake son namu su shiga aikin." Dokar binciken mutuwa ta 1960 ta ba majistare ikon sa a tono gawa, kuma in umarni ya fito za a tono, ko muna so ko ba ma so. Abin da ya rage shi ne hannun wa zai taɓa ta. Tun daga ranar nake koya wa ɗalibai, Musulmi da Kirista, cewa kafin a sa cokali a ƙasa a je a gaida iyali da liman ko fasto, a kewaye wurin da tamfol, a tanadi farin ƙyalle, kowane ƙashi a mayar, kuma wayar kowa ta zauna a jaka. Hoton mamaci ba na WhatsApp ba ne. Ƙungiyar masu binciken ƙasusuwa ta Ajantina da masanin ƙashi Clyde Snow ya horar a 1984, wadda ta fara da ɗalibai matasa ta zama abin koyi a duniya, da zama da iyayen waɗanda suka ɓata ta gina sunanta.

Zaman da iyali shi ne rabin ganewa, domin ƙashi ba ya faɗin suna sai an kwatanta shi da wani abu. A Turai fayil ɗin likitan haƙori ake nema. Mutanenmu da yawa ba su taɓa zuwa wurinsa ba, kuma wanda ya karye wurin mai ɗori ya je, babu takarda. Amma goggo tana tune da shekarar da ya faɗo daga mangwaro da hannun da aka ɗaure da kara. Don haka muka tsara tambayoyi da Hausa da Twi, yaren Asante: yana da wushirya? Akwai haƙorin Makka, a wane gefe? Yana ɗingishi? Bahago ne? Akwai hoton da yake dariya haƙora a waje? Ɗalibai mata ne suka fi samo amsoshin nan, domin su ake bari su shiga cikin gida su zauna da tsofaffi, kuma a bana uku daga cikinsu 'yan Asawase da Sabon Zango ne.