Faifan GISM na 1983: duba da kyau kafin ka saya

Detestation, faifan farko na ƙungiyar mawaƙan GISM ta birnin Tokyo, ya fito a 1983. Waƙoƙi takwas ne. Gangunan na salon punk ne (kiɗan rock mai sauri da tsauri), gudu kawai babu waiwaye, amma jitar Randy Uchida ta salon metal ce tsantsa (rock mai nauyi da gwanintar jita): yana jan waya har ta yi kuka, yana zuba solo (kiɗan jita shi kaɗai) inda 'yan punk na lokacin ba sa yi. Muryar mawaƙinsu Sakevi kuwa gurnani ce da aka lulluɓe da amsa-kuwwa.

Haɗin sautin ɗanye ne, jitar siririya ce mai kaifi, kuma a ganina nan daɗinsa yake. Kada ka ƙara bes (sauti mai kauri) don ka gyara shi, gangunan za su dagule.

Jabunsa sun yi yawa, domin ya daɗe ba a sake buga shi ba. Duba bangon: hoton jabu yakan yi dishi-dishi. Duba lambobin da aka karce kusa da tsakiyar faifan, ka gwada su da na asali. Jabun da aka kwafa daga tsohon faifai kuwa, za ka ji ƙaras-ƙaras ko da sabo ne fil. Mai son saurare kawai ya nemi bugun kamfanin Relapse na 2020.