Rana ta 34: ni da butar wani tsoho

Marakish, ƙasar Maroko, ƙarfe ɗaya saura na dare. Kawu Iliya ya daɗe da yin bacci, munsharinsa har ya fi salansar babur ɗinsa ƙara. Bash ya fita wai neman inda netwok ke da ƙarfi ya ɗora bidiyonsa. Ni ne dai idona biyu duk da jikina kamar an daka ni a turmi, to bari in rubuta ko na samu ya sake ni.

Mun bar Tarudant bayan asuba, kowa cikin nishaɗi, don tun da muka tsallako daga Muritaniya ta Gargarat ba abin da muke gani sai miƙaƙƙiyar kwalta da yashi da iska mai neman tuge mutum daga kan mashin, ga shingen jandarma kowane ɗan taƙi ka miƙa musu takardar nan mai bayanan fasfo, har ta ƙare mana muka sake buga wasu a Dakla. Yau ne za mu hau dutse na gaske, karo na farko tun Futa Jalon. Mitar babur ɗina ta haura kilomita 7,000 daga ƙofar gida a Kano, kan hanyarmu ta zuwa Fas ziyarar Shehu Tijjani.

Kuma wallahi na gani da idona, awaki a kan bishiya. Ba ɗaya ba ba biyu ba, sun ɗare bishiyar argan suna cin 'ya'yanta kamar birai. Kawu ya tsaya ya ɗaga gilashin hular kwano ya ce to, in akuyar Inna ta ji labari mangwaron tsakar gida ya shiga uku.

Hawan Tizi n'Test, hanyar da ta ratsa duwatsun Atlas, ba wasa ba ne jama'a. Kwana kan kwana, ka gama wannan wata na jiranka, wani wajen hanyar ba ta fi faɗin mota ɗaya ba, dutse ya rufo ta sama, gefe guda kuma rami ne wanda in ka leƙa sai ka ji cikinka ya juya. Wasu wuraren ana aikin faɗaɗawa, ƙura da tsakuwa da manyan motoci. Ɗan babur ɗin Kawu mai kafireta ya fara haki tun kafin mu kai rabi, iskar sama ba ta da kauri, mai ya fi iska yawa a injin, sai ya koma giya biyu yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ni da Bash namu ba ruwansu, mu wuce mu jira shi, ya iso ya wuce mu ko kallo babu, mu sake cim masa. A can ƙololuwa akwai allo an rubuta mita 2100. Sanyi kamar tsakiyar hunturu a Jos ko ma ya fi, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa sai da na rungumi kofin shayi. In ka juya baya duk kwarin Sus ne shimfiɗe a ƙasa. Na yi ihu, na yi hoto, na kira sunan Kano da ƙarfi kamar wani taɓaɓɓe. Har nan lafiya lau.

Kafin mu gangara Kawu ya maimaita karatunsa na kullum, a sauka da giya ba da birki ba, wanda ya danne birki tun daga sama zai neme shi a ƙasa ya tarar ya yi zafi ya daina ci. Mun ji.

To gangarowar ce. Duk wannan yankin nan ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, daren Juma'a wajen ƙarfe sha ɗaya mutane na cikin ɗaki, kusan mutum 3,000 suka rasu. Na san labarin, na ma karanta kafin mu taso, amma sani daban gani daban. Gidajensu na ƙasa ne da dutse, rufin itace da yaɓe, kusan irin na cikin birni a wajenmu, shi ya sa suka zube lokaci guda. Sai ka ga ƙauye a jikin dutse rabinsa tsibin ƙasa rabinsa sabon ginin bulo ko fenti ba a yi ba.

A wani ɗan ƙauye kafin Tinmel na hango wani kango a bakin hanya. Bango ɗaya ne ya rage a tsaye, an shafe shi da shuɗin fenti ta ciki, ƙofar ƙarfe na nan a jikinsa a rufe alhali ba ɗakin da take rufewa, bayansa dutse ja da sararin sama tas. Abin da ya fara zuwa min a rai, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne kai wannan hoton zai yi kyau. Na sauka daga kwalta na jingina babur daidai ƙofar, na ja baya na durƙusa ina saita waya, sai na ga wata buta ta roba koriya a gefen tayar gaba tana ɓata min hoton. Na taso na sa ƙafa na shure ta gefe. Na koma na ɗauka. Guda shida na ɗauka.

Ina miƙewa sai ga wani tsoho ya fito daga wani ɗakin kwano da ke ƙasa kaɗan, wanda ni ban ma lura da shi ba. Doguwar jallabiya mai hula, siriri, zai yi sa'an Baffa. Bai kalle ni ba. Ya wuce ta gabana ya sunkuya ya ɗauki butar, ya kakkaɓe ƙasar da ta manne mata da tafin hannu, ya girgiza ta ya ji abin da ya rage a ciki, ya nemo murfin can inda ya gangara ya mayar. Sannan ya juyo ya yi mana sallama ya ce atay, yana nuna ɗakin. Shayi kenan.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muka bi shi. Tabarma, bargo a ninke, ɗan risho, hoton Ka'aba a jikin kwano. Yarensu Tashelhit ne, Larabcinsa kaɗan ne kuma irin na nan, Kawu kuma Larabcin zaure, amma suka lallaɓa. Kawu ya ce Nijeriya, Kano, za mu Fas ziyarar Shehu Tijjani, mun biyo ta Kaulaha. Tsohon ya dafa ƙirji ya yi ta jinjina kai yana kallon takalmanmu. Ya nuna kangon ya nuna kansa. Ya ɗaga yatsu uku, ya kwantar da tafin hannunsa a iska daidai tsayin yaro, sau biyu, na ukun ya shafi gefen fuskarsa yadda mace ke yafa mayafi. Kawu ya yi salati ya yi addu'a muka shafa. Ya kuma nuna mana wani ginin bulo da ya kai linta, nasa ne, da tallafin da gwamnati ta ware, dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, yana yi a hankali.

Sai ya kawo burodi da man zaitun, kafin mu sa hannu ya ɗauko ɗan kwano ya ɗauko butar nan, ita dai, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zuba mana mu wanke hannu. Kawu, Bash, da ya zo kaina ruwan ya ƙare, ɗigo biyu uku. Ya ce in jira da hannu, ya fita. Ta ƙofa ina hango shi yana gangarawa can ƙasa wajen famfo, a hankali don gangaren da santsi, ya cika ya hawo. Ni kuma ina zaune hannu a miƙe kan kwano kamar almajiri, na rasa inda zan sa idona. Bash na ta taunar burodi abinsa.

Da za mu tafi na ninke dirhami 200 na saƙa masa a hannu. Ya buɗe ya gani, ya kamo aljihun jaket ɗina ya mayar ya ja zif ɗin da kansa har sama, ya ɗan bubbuga wajen. Kawu kuwa ya ciro carbin da ya saya a Madina Baye ya ba shi, nan take ya karɓa da hannu biyu ya sumbata ya rataya a wuya. Wannan ma ta tsaya min.

Ba wanda ya ce komai sai da muka tsaya sallah a bakin kogin Nfis, muka haɗa azahar da la'asar. Ina ɗaura igiyar takalmi Kawu ya ce, Auwalu ka goge?

Na ce me fa Kawu?

Ya ce ka san me.

Na ce Kawu wallahi ban san da mutum a wajen ba, na zata tsohuwar buta ce aka yar.

Ya ce ko yasasshiya ce, a ƙofar gidan wa ka same ta? Ya yi shiru yana warware rawanin da yake naɗawa ƙarƙashin hular kwano, can ya ce, shekarar da ruwa ya ci ɗakin Inna na baya kana ina? Na ce ina nan, ni na kwashe kwanukanta. Ya ce to a ce ranar wani ya zo daga wata ƙasa da babur mai tsada, ya jingina a bangon, ya sa ƙafa ya ture tukunyarta don ta tare masa hoto. Me za ka yi masa?

Ban amsa ba don mu duka mun san amsar, da sai an ɓamɓare ni daga wuyansa.

Bash ya shigo wai shi a ganinsa a ɗora kawai, ai mutanenmu da yawa ba su ma san an yi girgizar ba, in suka gani za su yi musu addu'a, a rubuta bayani mai kyau a ƙasa shi kenan. Har na fara jin daɗi don ya ba ni mafita. Kawu ya ce addu'ar ba ta isa sai da babur ɗin Auwalu a tsakiya? Bash ya yi dariya ya ce Kawu kai dai ba ka san harkar midiya ba. Kawu ya ce Allah ya ƙara nesanta ni. Ya buga mashin ɗinsa ya yi gaba.

Ga abin da ban faɗa wa Kawu ba, shi ne kuma ya hana ni bacci. Na ce na zata yasasshiya ce. Ƙarya ne, ko in ce rabin ƙarya. Lokacin da takalmina ya taɓa ta na ji nauyinta. Buta ce cike da ruwa, na ji, na ga murfin ya fita ruwan na kwarara cikin ƙura, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san buta cike a bakin ƙofa tana nufin akwai mai ita kusa, alwala zai yi ko ya gama kewayawa. Na sani sarai a daidai wannan daƙiƙar, amma haske na da kyau kuma ina tsoron gajimare ya rufe, sai na koma na durƙusa. Wata guda ina yawo ƙasashen mutane ina cika baki a nan cewa mu Hausawa mun san darajar baƙunta, a Nima an ba mu ɗaki kyauta, a Labe wani Bafulatani ya bar shagonsa ya raka mu wajen mai faci, ina ta rubuta muku Allah sarki mutane. Ashe ni ne baƙon da ake ba da labarinsa bayan ya tafi.

Masallacin Tinmel daga hanya muka hango shi, na zamanin daular Muwahhidun, ya haura shekara 800, shi ma girgizar ta farfasa shi. Ban ciro waya ba. Muka wuce Talat N'Yakub, Wirgan, Asni, Bash na nuna min wai ga Tubkal can, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Arewacin Afirka, na ɗaga masa hannu kawai. Shigowa Marakish da magariba kuwa sai ka rantse Kofar Wambai ce ranar kasuwar sallah, 'yan ƙananan babura ta ko'ina ba mai ba wani hanya, nan ne kawai na ɗan ji ni a gida. Tajin da muka ci da daddare ya yi daɗi amma ba yaji, yajin Maman Hanifa ya ƙare tun Nuwakshot.

Ɗazu ta turo saƙon murya wai Hanifa ta ƙi kwanciya sai ta ga hoton Abba na yau. Na tura musu awaki. Ta dawo da dariyar yarinyar, na saurara sau uku.

Biyar na goge. Ɗayan yana nan, kuma ba zan yi muku ƙarya ba shi ne hoto mafi kyau da na ɗauka tun da muka bar Kano, shuɗin bangon da jan tankin kamar an haɗa su da gangan. Na buɗe shi yanzu na ja shi da yatsa biyu, can ƙasa ta hagu bakin butar ya leƙo, ga kuma duhun inda ƙasa ta jiƙe.

Gobe juyen baƙin mai da ɗaure sarƙar Kawu, jibi Fas in Allah ya kai mu, sama da kilomita 500. Ga Bash nan yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya manta makulli kuma.