Riguna uku da na yi asararsu a farautar agwagin ruwa

Matashin da ya fara bin maharba zuwa dausayin Haɗeja da Nguru a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ya kankama kuma agwagin da suka tsallako daga Turai suka cakuɗu da kirinjijiya da dinya, hankalinsa yakan tafi kan bindiga da kwale-kwale, ya manta da abin da zai sa a jikinsa. Ni ma haka na yi, kuma sai da na kashe kuɗi har sau uku kafin na gane cewa kaurin riga daban, ƙarkonta daban.

Ta farko rigar leda ce irin ta masu babur. Ba ta kai mako biyu ba ƙaya ta yage ta a kafaɗa, kuma tun kafin ta yage, ƙarar da take yi idan na motsa hannu ta isa ta tashi garke guda. Ba ta cancanci dogon bayani ba.

Ta biyu ce ta kusa hallaka ni. Na samo ta a wajen wani mai gwanjo, kwat ce mai kauri da aka cusa wa auduga, kuma da yake na ji ɗuminta a cikin kasuwa da rana tsaka, sai na ɗauka magana ta ƙare. Wata rana da asuba, muna ratsa kachala, wato doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa, ƙafata ta zame na faɗa ruwa har ƙirji. Audugar ta sha ruwa ta yi nauyi kamar an ɗora mini buhun gero, da ƙyar abokin tafiyata ya jawo ni, albarushin da ke aljihu ya jiƙe, sannan na zauna a cikin iskar hunturu haƙorana suna kaɗawa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska da kusan ninki 25, saboda haka jiƙaƙƙiyar auduga ba ta kare mutum daga sanyi, ƙara masa take yi. Tun daga ranar nake sa rigar ulu a ciki, domin ulu yana riƙe ɗumi ko da ya jiƙe, sannan in ɗora marar nauyi mai hana ruwa a sama.

Ta ukun yadinta nagari ne, amma ban duba ɗinkinta ba, kuma a nan ne yawancin masu saye suke faɗawa. Ruwa ba ta tsakiyar yadi yake fara shiga ba, ta hujin allura yake bi, musamman a kafaɗa da hammata. Ku juya rigar ciki waje tun a gaban mai sayarwa. Idan ba ku ga siririn tef da aka manna a kan kowane layin ɗinki ba, ko kuma kun ga ya fara ɓanɓarewa, ku ajiye ta komai sunan da ke wuyanta. Ko yadin Gore-Tex, wanda yake fitar da tururin gumi ya hana ruwa shiga, ba ya tsinana komai idan tef ɗin ya saki. Ku ja zif sau da yawa, ku tabbatar akwai marfin da ya rufe shi, kuma ku ɗaga hannuwanku kamar za ku saita bindiga, domin rigar da ta matse kafaɗa a nan za ta fara tsagewa.

Akwai masu son kwat ɗin audugar da aka shafe da kakin zuma ko makamancinsa, irin wadda kamfanin Barbour na Ingila ya shahara da ita. Tana jure ƙaya sosai kuma ana iya gyara ta, sai dai tana buƙatar sabon shafi lokaci-lokaci, ba a wanke ta da sabulu, kuma a ganina ta yi wa ƙasarmu nauyi da zarar hantsi ya dubi ludayi.

Launi kuwa ku nemi ruwan ƙasa ko na busasshiyar ciyawa, domin agwagwa tana da kaifin ido. Kuma kada kyawun riga ya ja ku zuwa Dagona: tana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, an haramta harbi a wurin. Rigar da nake sawa yanzu ta shekara biyar, kuma duk lokacin da na dawo nakan wanke mata laka da ruwan sanyi, in shanya ta a inuwa.